Kafin ka sa filaya a wayarin injin da ka sayo

Fijo 504 ɗin da mahaifinmu ya bari ta yi shekara bakwai a gindin darbejiya a gidanmu na Tudun Wadar Zariya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar da ta fara harhaɗa Fijo a 1975. Ita ta ɗauko amaren gidanmu, ita ta kai mu makaranta, shi ya sa ban iya sayar da ita ga 'yan gwangwan ba. Injinta mai lita 2 ya gaji tun Baba na da rai, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Na yanke shawarar sa mata sabon inji, kuma abin da na sha a aikin nan shi nake son ƙannena masu sha'awar tsofaffin motoci su ji tun kafin su kashe kuɗinsu.

A Kaduna na sami wata Hilux da ta yi hatsari, baya ya lotse amma gaba lafiya lau. Injin Toyota 3RZ ne, lita 2.7, silinda 4, mai injekta. Muka daidaita a kan inji da giyabos. La'asar ta yi, ina son in kama hanyar Zariya kafin duhu. Yaron da ke kwance injin ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, mu kwance dashbod mu zaro wayarin gaba ɗaya, ko mu yanke a nan?" Yana nuna min wani damin wayoyi mai kaurin tsintsiyar hannu, daidai inda ya ratsa roba ya shiga cikin mota. Kwance dashbod zai ci awa biyu ko uku da ƙarin kuɗin aiki. Na ce ya yanke. Har yau ina jin ƙarar filayar nan. Ya miƙo min ƙwaƙwalwar injin, wadda makanikai ke kira biren bos, a cikin leda, ba soket ko ɗaya a jikinta. Laifin ba na yaron ba ne, ya tambaye ni.

Abin da ban gane ba a ranar shi ne tunanin tsohuwar Fijo na kawo wa injin da ba irinta ba. Injin 504 ɗinmu mai kabireta ne. Wayoyin da yake bukata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: na kwayil, na kik, na altaneta, na fitilar mai, na zafin ruwa. Kowane mai rewaya a Sabon Gari zai haɗa maka su yana hira. Injin injekta kuwa ba ya motsi sai ƙwaƙwalwa ta ji labari daga sansoshi, wato ƙananan na'urorin da ke auna yanayin inji: ina kirankishaf yake, iska nawa ta shiga, ruwa ya yi zafi ko da saura, ƙafarka nawa ta taka totur. Daga nan take ƙayyade man da za ta fesa da lokacin da wuta za ta tashi a fulogi. Duk labarin nan ta wayoyin da na sa aka datse yake bi, kuma kowace waya tana da nata ramin a soket.

Sauri ya haifi nawa. Awa ukun da na ƙi bayarwa sai da ta ci min kusan wata biyu. Na koma wajen, an riga an sare gangar jikin motar an auna a kilo. Na zaga Panteka, na je Ƙofar Ruwa a Kano, na samo soket masu shiga ƙwaƙwalwar daram, amma na motar wata shekara daban, jerin wayoyinsu bai yi daidai da nawa ba. Inji iri ɗaya yana iya zuwa da wayarin daban-daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa motar. Akwai lamba a takardar da ke manne a jikin ƙwaƙwalwar, ta Toyota tana farawa da 89661. Da ita ake neman taswirar wayoyi, ba da sunan inji kawai ba.

Don haka idan ka je sayen inji, ka tafi da safe, ka ɗauki ranar gaba ɗaya ta aikin nan ce. In motar tana tashi, a tayar da ita a gabanka kafin a taɓa ko noti ɗaya. Ka ɗauki hoton kowane soket yana maƙale a mazauninsa, ka naɗa farin tef ka rubuta inda ya fito. A zaro wayarin inji cikakke har zuwa soket ɗin ƙwaƙwalwa, a haɗo da akwatin fis da rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa), da sansar iska, da kwayil. Inda wayarin inji ya haɗu da na jikin mota, can ne kaɗai za a yanke, a ɓangaren jikin mota, a bar maka kamar taƙi guda na waya don ka sami abin da za ka jona. In motar ta zamani ce mai mukullin tsaro, to mukulli da zoben da ke kewaye da makunni da na'urarsu duk tare suke tafiya da ƙwaƙwalwa. Ka baro ɗaya, injin zai yi ta juyawa ba zai kama ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, don na riga na sha wahala amma ban yi hankali ba. Da na gama jone-jone, sai na ga wayoyi sun yi yawa a ƙarƙashin bonet, ba kyan gani. Na zauna na zare duk wadda na ga kamar ba ta da aiki, tun injin bai taɓa tashi a cikin Fijo ba. Ya tashi, amma yana kakkarwa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi cikin kwana biyu. Na canza fulogi, na wanke injekta, na sayi sansar zafin ruwa sabuwa. Ba abin da ya sauya.

Wani dattijo mai rewaya a Sabon Gari, wanda ya yi wa mahaifinmu aiki shekaru da dama, shi ya gano. Bai kwance komai ba. Ya sa mita tsakanin gangar inji da wani rami a soket ɗin ƙwaƙwalwa, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ɗana, ina wayoyi masu ruwan ƙasa da ke ɗaure a jikin manifol?" Na ce na cire, Baba, na ga ba inda suke zuwa. Ya ce, "Can ɗin da ka ga ba ko'ina ba ne, can ne suke zuwa." At ɗin ƙwaƙwalwa ne na cire, wato wayoyin da wuta ke bi ta koma jikin ƙarfe. Sansoshi da wutar bolt 5 suke aiki, kuma ƙwaƙwalwa tana auna saƙonsu ne a kan at. In at ya yi rauni, duk abin da take ji ƙarya ne, sai ta yi ta zuba mai. A Toyota, fara mai baƙin layi at ce ta jikin mota, ruwan ƙasa kuma galibi at ce ta ƙwaƙwalwa da sansoshi. Fijo ba ta dogara da launi haka ba, lamba take sa wa wayoyinta. Wanda ya saba da ɗaya, ya shiga ɗayar da ka, zai yi ɓarna.

Ka bar wayarin yadda ya zo, ko da ya yi kama da saƙar gizo, har injin ya tashi ya zauna daidai. Bayan nan ka riƙa cire waya ɗaya, ka bi ta daga farko har ƙarshe, ka tayar da mota, sannan ka taɓa ta gaba.

Na uku shi ne wanda har yanzu nake istigfari a kansa. Famfon man injekta na lantarki ne, yana tura mai da ƙarfin da ya kai kusan 3 a ma'aunin matsi na "bar", ninkin-ba-ninkin na famfon kabireta. Toyota ta sa masa rile na musamman wanda ƙwaƙwalwa ke riƙewa: in inji ya mutu, famfo ya tsaya. Hikimar ita ce ko an yi hatsari bututu ya fashe, mai ba zai ci gaba da feshi ba. Ni kuwa rilen yana cikin abin da na baro a Kaduna, sai na ja waya kai tsaye daga makunni zuwa famfo, ba fis, na ratsa ta wani ramin ƙarfe ba roba, na murɗa mahaɗin da hannu na naɗe da baƙin tef. Na ce na wucin gadi ne. Ta yi wata uku a haka.

Ranar muna dawowa daga Samaru, ƙanwata da 'ya'yanta biyu a baya, dab da Kwangila na ji ƙaurin roba. Kafin in gangara gefen titi hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Ƙarfen ya ci rigar wayar, ta taɓa jiki, ta yi jajir tun daga makunni. Na fitar da yaran, na ɗaga bonet, kan batir ya ƙi fita da hannu, sai wani mai shayi ya rugo da filaya muka fizge shi. Wayar nan ta bi ta gefen bututun mai. Allah ne ya tsare. Fis ɗin da zai hana duk wannan bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Washegari na kai wa dattijon motar a ja. Ya zare wayarin duka, ya shimfiɗa a kan faifan katako ya kafa ƙusoshi, kowane reshe da hanyarsa. Ya ware wayarin Fijo na fitilu da ham da waifa ya ce kada a taɓa shi, lafiyarsa ƙalau. Tsakanin tsohuwar mota da sabon inji, wayoyi kaɗan ya bari su gaisa: wutar batir ta dindindin ta bayan fis, wutar makunni, saƙon kik, wayar famfo ta bayan rile, fitilar caji, da fitilar da ke nuna matsalar inji, wadda ya huda mata gurbi a dashbod. Agogon zafin ruwa ya mayar masa da sansarsa ta Fijo, don ta Toyota ba za ta ba shi karatu daidai ba. Wayar sansar kirankishaf mai rigar ƙarfe ya sauya ta sukutum, ya ce ba a yi mata faci, ya kuma nisanta ta da wayoyin fulogi. Kowane mahaɗi ya matse shi ya rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, don tef ba ya jure zafin bazarar Zariya, yana saki ƙura da ruwan damina su shiga.

Kwana tara aikin ya ɗauka. Da zan tafi ya ba ni littafin rubutu na 'yan makaranta, ya zana kowace waya da launinta da inda ta nufa da girman fis ɗinta. Yana cikin aljihun dashbod, tare da takardun motar masu sunan mahaifinmu.