Godiya Bayan Ƙura Ta Lafa

Assalamu alaikum. Alhamdulillah, Alhamdulillah, Alhamdulillah.

Yau kwana tara da haska fim ɗin da na rubuta, kuma daren jiya ne na farko tun tsakiyar azumi da na kwanta har aka kira asalatu ban zabura na lalubo waya ba. Shi ya sa sai yanzu kuke ji daga gare ni. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda saƙonsu ke jibge ban buɗe ba, don Allah ku yi mini afuwa. Ba raini ba ne, jikin ne ya ƙi.

Ba zan sake zayyana abin da ya faru ba, duk kun gani, wasunku ma sun riga ni gani. Guntun bidiyo na daƙiƙa 40 daga cikin fim ɗin, tun kafin a haska shi, an yanke masa kai an yanke ƙafa, aka rubuta a sama wai amarya tana zagin uwar miji, wai ga abin da matan Katsina suka koma rubutawa. Wanda ya yanka ya san sarai tsohuwar nan ba uwar ango ba ce, kakarsa ce. Wane Bahaushe ne bai san kaka tana kiran jikanta miji ba, matarsa kuwa kishiya? A kan wannan wasan aka gina fim ɗin gaba ɗaya: tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin amarya ta ce ba mai shiga sai an kawo mata kayan faɗan kishiya, amarya ta ce ta haƙura, mijin ya zama nata, ita da ba ta da haƙorin tauna masa goro. Iyakar zagin da aka kwana goma sha biyar ana tsine mini a kansa ke nan. Shi mai yankan na bar shi da Allah, a cikin watan da ya zaɓa ya yi aikinsa.

Abin da nake son ba ku labari shi ne daren 17 ga azumi, don shi ne har yanzu in na tuna nake jin ƙafafuna sun yi sanyi.

An idar da asham ke nan ƙanena ya kira ya ce Baba na nemana, yanzu. Maigidana bai ce komai ba, ya ɗauko makullin mashin. Daga Sabuwar Unguwa zuwa gidanmu a Rafin Daɗi ba wata tafiya ba ce, amma ni dai na ga kamar Funtuwa za mu. Waɗanda suka san gidanmu sun san Baba bai taɓa kiran sunana ba, sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce mini tun ina goye. Daren nan da na yi sallama na durƙusa a bakin zaure, cewa ya yi, "Ke, mi nike ji a masallaci?"

Wallahi zagin duniya duk bai kai mini wannan "ke" ɗin ba.

Na buɗe baki zan yi bayani ya ɗaga hannu. Ya ce ba bayanina yake so ba, in akwai abin a wayata in miƙo. Akwai shi, wanda ba a ma gama gyara sautinsa ba, awa ɗaya da minti 20. Ya sa tabarau, ya gyara zama a kan buzunsa, ya jingina wayar da butar alwala. Mutumin da in ban da labarai ba ya kallon komai a talabijin. Ba wuta, zafin Maris ya cika zauren, sauro na ta cizona ban iya ko motsawa ba. Maigidana yana waje zaune a kan mashin. Ni kuwa na kafe fuskar Baba da ido a hasken wayar, ina neman ko alama, babu. Da aka zo wurin tabarmar nan na sunkuyar da kai, na ji muryar amarya ta faɗi maganar goron. Shiru. Sai na ji wani ɗan sauti kamar tari. Na ɗago na ga kafaɗunsa na rawa, ya sa bakin rawani yana share ido.

Bai tsayar ba har aka rubuta sunaye. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Haka kakata ta yi ma uwarki ranar da aka kawo ta gidan nan. A nan ƙofar ta zauna, sai da aka saya mata turmin atamfa." Mahaifiyata shekara shida ke nan da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa jin wannan labarin ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Tashi ki tahi gida, Uwata, dare ya yi, ga sahur gabanki."

Ban san yadda na kai bakin mashin ba. Na san dai kuka na yi tun daga Rafin Daɗi har gida, maigidan yana tuƙi yana cewa to ya isa, ya isa. Baba ba ya son a ambace shi a irin waɗannan wurare, na sani zai ji haushi in aka karanta masa, amma ba zan iya yin godiya in tsallake shi ba. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da iyayenka a Aljanna Firdausi. Yadda ka ƙi yanke mini hukunci sai ka gani da idonka, Allah ya yi maka hisabi mai sauƙi.

Washegarin Sallah, Litinin 31 ga Maris, aka haska. Na ce ba zan kalla ba. An fito da talabijin tsakar gida aka ɗora a kan benci, aka tayar da janareto, maƙwabta da 'yan yawon Sallah suka cika tabarmi, ni na shige kicin na ja ƙofa ina ta wanke tukunyar da na riga na wanke. Dariyar farko da na ji ba daga tsakar gidanmu ta fito ba, ta bayan katanga ta zo, daga gidan da matarsa ta daina amsa gaisuwata tun fitowar bidiyon. Daga nan sai namu suka ɗauka. Sai na zauna a kan turmi.

To masu kallo, ku ne asalin dalilin wannan rubutu. Na karanta abin da kuka rubuta, ban ce duka ba, amma da yawa, kuma na ga ba bakinku ɗaya ba, hakan ma ya fi mini daɗi. Kusan kowa ya ce kaka ce ta cinye fim ɗin, kuma gaskiya kuka faɗa. Wasu sun ce tsakiyarsa ya yi jan ƙafa, musamman zaryar da ango yake yi tsakanin shagonsa na gyaran waya da Babbar Kasuwa yana haɗa lefe. Na koma na duba, kuna da gaskiya, da an rage minti goma da ya fi armashi. Wata baiwar Allah daga Dutsin-Ma ta ce kiɗa yana danne magana a wurin kamu, wannan ma haka ne. Maza da dama sun yi ƙorafin cewa an mayar da baban amarya abin dariya, mutum da girmansa yana ɓuya a bayan buhun gero don kada masu bin bashi su gan shi. Wannan na daɗe ina juya shi a raina. Ni ba da niyyar ƙasƙanta uba na rubuta ba, uban da ya ci bashi don ya fita kunyar 'yarsa nake son a tausaya wa, amma tunda mutane da yawa suka ga akasin haka, to a rubutuna gyaran yake, kuma na karɓa.

Akwai waɗanda suka ce soyayyar ta yi kunya da yawa, saurayi da budurwa ba sa ko haɗa ido sai a ƙarshe. A nan kam ban bi ku ba. Fim ne na yi wanda za a kunna a tsakar gida da suruki da jika da baƙo duk a zaune, ba wanda zai tashi neman ruwa don kunya. Wannan shi ne abin da na sa a gaba tun ranar da na ɗauki biro, kuma shi ne abin da ya fi yawa a saƙonninku: mun kalla da Hajiya, mun kalla da yara, ba a canza tasha ba. Wata ta rubuto daga Maraɗi bayan an ɗora a YouTube, ta ce kakarta da ta kwana biyu ba ta cin abinci ta sa aka maimaita mata wurin tabarmar sau uku. Wani daga Bida ya ce ashe Katsinawa sun iya wani abu, na san wasan Nufawa ne da mu, na amsa masa da irin nasa, kuma ranar ce na fara yin dariya da gaske.

Waɗanda suka zage ni a baya suka dawo suka ce sun kalla, a yafe musu, na yafe har zuciyata. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya dawo ƙarƙashin rubutunsa a gaban jama'a ya ce na yi kuskure. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

An ce ba a ware mutane a wurin godiya don kada a manta wani, amma akwai waɗanda in ban faɗe su ba na ci amana. Iya mai daddawa ta layinmu, wadda ta fito a kaka, ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba a rayuwarta, kuma rabin maganganun da kuka yi ta dariya a kansu ba ni na rubuta ba, daga bakinta suka fito. Lokacin da abin ya yi zafi har yara na bin ta da waƙa a hanyar kasuwa, na je ba ta haƙuri, ita ce ta koma lallashina, ta ƙulla mini daddawa a leda ta ce in je in yi miya in ci, wanda bai ci ba ba ya iya faɗa. Iya, Allah ya kai ki Makka, ya sa 'ya'yanki da jikokinki su jiƙan ki.

Yaron da ya tace mana hoto, ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kun tuna ɗaukewar wutar ƙarshen Oktoban 2024 da ta bar kusan duk Arewa a duhu sama da mako guda, ga litar mai ta haura naira 1,000? Daidai lokacin muke ɗauka. Yaron nan a ƙafa yake ɗaukar batura da kwamfuta ya kai wa mai shayin bakin titinmu da ke da sola, ya zauna gadinsu har tsakar dare. Shi kuma mai shayin ko sisi bai taɓa karɓa ba, har ruwan bunu yake haɗa masa. Allah ya ba ka sakamako mai kyau a karatunka, ɗana. Malam mai shayi, Allah ya buɗa maka kasuwa ta inda ba ka zato. Matan adashenmu da suka bar mini ɗauka biyu a jere ba a zo kaina ba, Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira. Ma'aikatan gidan talabijin ɗin da aka yi ta kira ana cewa su janye, suka ce sun kalla kuma za su haska, Allah ya saka da alheri. Amarya da ango na fim ɗin, yara ƙanana da suka sha zagin da ba su ci ba ba su sha ba, Allah ya ba ku abokan zama nagari. Maigidana kuwa ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Mutumin da abokansa suka ce ya tsawata wa matarsa, ya ce shi ya karanta rubutun tun yana cikin littafin makaranta.

Dangi, na gode wa waɗanda suka zo. Goggona ta taso tun daga Daura da azumi a bakinta, a motar haya, ta kwana biyu tana yi mini kunun buɗa baki. Akwai kuma waɗanda a garin nan muke, su suka fara tura bidiyon a rukunin WhatsApp na gida, ba wanda ya ɗaga waya ya ce mene ne gaskiyar abin. Har yau ina sauraron sallamarsu. Ƙofa a buɗe take, zumunci ya fi ƙarfin wannan, amma dai na ji zafi, ba zan ɓoye ba.

Ya Allah, duk wanda ya kare ni da kalma ɗaya lokacin da ba na iya kare kaina, ka kare shi ranar da ba mai karewa sai kai. Wanda ya yi mini addu'a a tahajjud ban sani ba, ka amsa masa tasa. Wanda ya sayi data da kuɗin cefanensa ya kalla, ka mayar masa ninkin ba ninkin. Wanda ya yi dariya ya manta damuwarsa ko na minti ɗaya, ka yaye masa ita gaba ɗaya. Ka jiƙan mahaifiyata da dukkan magabatanmu, ka haskaka kabarinsu. Ka zaunar da jiharmu lafiya, ka kawo wa 'yan uwanmu na Jibiya da Batsari da Safana da Faskari sauƙin abin da ke damunsu, su ma su zauna a tsakar gida da dare su yi kallo da dariya ba tare da fargaba ba. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu tambayar ko za a yi na biyu, ku bar ni in huta tukuna, ko biron ban iya kallo yanzu. Saƙonninku zan bi su sannu a hankali in amsa. Yanzu dai zan tashi in leƙa Rafin Daɗi, Baba ya aiko da safe a tura masa fim ɗin a wayarsa, ya ce mutumin da ya tare shi da maganar a masallaci yana son ya gani.