Godiya bayan kammala koyon haɗa sola

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi Allah ya nufa na kammala wata shida na koyon haɗa sola a ƙarƙashin shirin koyar da sana'o'in hannu na gwamnatin tarayya wato TVET, jiya aka yi 'yar walima a ƙofar gida, wlh ban zaci jama'a za su cika haka ba har sai da aka aro tabarmi a masallaci. Saƙonni sun yi yawa ban iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Bayan Allah sai Umma. Lokacin da na ce mata zan ajiye turin kura a kasuwa in tafi koyon sana'a, ta san ɗan abin da nake shigowa da shi da yamma zai tsaya, kuma Baba yana kwance ba lafiya a lokacin, amma ko uffan ba ta ce ba sai "je ka Allah ya yi albarka", ta ƙara kwanon ƙosai da safe ta rufe gurbin. Umma ba ni da bakin gode miki. Kawu kuma shi ya fara jin labarin a rediyo bayan ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya ƙaddamar da shirin a watan Mayun 2025, ya kira ni ya ce maza ka nemo lambar NIN ɗinka, Allah ya ƙara girma Kawu. Sai ɗan uwana mai shagon kwamfuta na bakin titi da ya zauna da ni ana ta fama da netwok har aka cike fom ɗin kuma ya ƙi karɓar ko sisi.

Maganar alawus ita ce aka fi tambayata a inbos, to ga ta. Naira 22,500 ce a wata, kuma koyon kyauta ne ba kuɗin makaranta. Na san akwai masu cewa me dubu ashirin da biyu za ta yi, kuma gaskiya ne ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na 70,000 ba, amma duk wanda ya san yadda kuɗin adaidaita ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023 zai gane abin da nake nufi, domin abin da ke korar ɗan talaka daga wajen koyo ba wuyar karatun ba ce, kuɗin mota ne da abin karin kumallo, yau ka je gobe babu jibi ka ji kunyar komawa shi kenan an bari. Ni dai alawus ɗin nan shi ya riƙa kai ni ya dawo da ni, har na tsakuri wani abu na sayi filaya da sukundireba da 'yar mitar gwada wuta tawa ta kaina. Don haka na gode wa gwamnati da hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, Allah ya sa a ɗore kuma a ƙara don na baya. Kuma don Allah a daina haɗa shi da bashin karatu na NELFUND da 'yan jami'a da 'yan foli ke karɓa na 20,000 a wata, wancan rance ne da ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, namu tallafi ne.

Sai Oga, malaminmu na aikin hannu. Mutumin nan ba ya wasa, ranar farko da na hau rufin kwano ƙafata na rawa yana ƙasa riƙe da tsani yana ce min taka kan layin ƙusa kar ka taka tsakiya. Shi ya koya min fuskantar da fanel kudu, da duba ja da baƙar waya da mita kafin ka kai su kan batir, da lissafin kayan wutar gida kafin ka ce wa mutum ga inbatar da za ta ɗauke shi, ya ce mai gida ba zai taɓa gaya maka yana da dutsen guga ba sai ka tambaya. Idan ka haɗa aiki ba kyau sai ya sa ka kwance duka ka sake, a lokacin haushi nake ji sosai. Oga Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Abokan ajina da muka riƙa haɗa kuɗi muna cin garau-garau kwano ɗaya, musamman 'yan matan nan biyu da suka fi mu iya lissafin batir, na gode. Maƙwabta da suka riƙa leƙa Baba ina wajen koyo, da matan gidan da suka yi girkin jiya, da Liman da ya yi addu'a, Allah ya biya ku. Jikin Baba da sauƙi sosai yanzu.

Masu tambayar yadda ake shiga, ku tabbatar sunanku na NIN da na banki iri ɗaya ne, kuma kar ku ba kowa kuɗi wai zai saka sunanku, ni ban ba kowa ba. Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, na gode na gode.