Balas ba ya mutuwa rana ɗaya, dafa shi ake yi

Shekaranjiya na tsaya a gindin tsani ina kallon wani yaro yana harhaɗa fitilun dogon ƙwai, irin masu murfin roba da ke rufewa ruf don kada ƙura ko ruwa su shiga. Hannunsa na da kyau, wayoyinsa a jere, ba inda ya bar jan ƙarfe a buɗe. Sai na ga ya yanko salatif mai soso, mai gam fuska biyu, ya manna a bayan balas, wato ɗan akwatin da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwai, ya danna shi a cikin gidan fitilar, ya ɗauko na biyu ya jingina shi da na farko kafaɗa da kafaɗa. Ramukan sukuru na nan a ƙarfen, bai ko kalle su ba. Na ce masa, ɗana, ina sukurun? Ya ce, "Baba, ai wannan na lantarki ne, ba ya zafi kamar tsohon cok." Gabana ya faɗi, domin kalmar da na faɗa ke nan da bakina shekaru da yawa da suka wuce, kuma na san inda ta kai ni.

Ni da cok, tsohon irin balas, na koyi aiki. Dunƙulen ƙarfe ne da naɗin jan ƙarfe, mai nauyi, mai gurnani, tare da sitata da ke ƙyafta fitila kafin ta kama. A kan ƙwai mai wat 36, cok yakan ɓarar da wajen wat 8 zuwa 10 a matsayin zafi, kuma idan ya yi awa biyu yana aiki ba ka iya ɗora masa hannu. Amma a jikinsa za ka ga an rubuta tw 130, wato naɗin wayarsa na iya zama a digiri 130 ya yi shekaru. Babu ruwa a cikinsa da zai ƙafe. Da balas na lantarki ya shigo, mara nauyi, mara ƙara, yana kunna ƙwai a bugu fiye da 20,000 a daƙiƙa maimakon 50 na wutar layi, yana ɓarar da wat 3 ko 4 kacal, sai na yi lissafin da kowa zai yi: abin da ya jure zafi mai yawa bai mutu ba, to mai ɗan ɗumi me zai same shi?

Aikin da ya tona mini asiri wani babban ɗakin ajiyar kaya ne. Mai wurin ya ce fitilu rufaffu yake so saboda ƙura, kuma dare da rana za su kwana a kunne. Rufin kwano ne, fitilun kusa da shi, inda duk zafin ginin ke taruwa. Na cire cok, na sa balas biyu a kowace fitila. Ramukan sukurun cok ba su yi daidai da na sabon balas ba, huda sababbi kuma zai ci mini kwana biyu, ga mai aiki yana tsaye a kaina. Sai na sa yarona ya yanka guntayen soso muka shimfiɗa a ƙasa, muka ɗaure da robar ɗaure waya. Har daɗi na ji, ina cewa soson zai hana jijjiga. Na kunna, fitilu suka kama tar, na taɓa balas da murfi a buɗe bayan minti goma na ji ɗumi-ɗumi, na rufe na karɓi kuɗina.

Ba a cika shekara ba aka fara kirana. Wata tana ƙyafce-ƙyafce, wata sai an kashe an sake kunnawa, wata ta mutu murus. Na ce wutar layi ce ke hawa da sauka. Kuma ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba, wutar wurin ba ta da tabbas, har yau ina ganin ta ba da nata kaso. Da mutuwar ta yi yawa na koma kan wanda ya sayar mini da kayan, na ce jabu ya ba ni. Mutumin ya canza mini kashi na farko ba tare da musu ba, ya canza na biyu yana ɓata rai. Na mayar da sababbin kan soson nan dai, a cikin tanderun nan dai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarona. Na ce masa shi ya sassauta haɗin waya, na faɗa masa maganganu a gaban mutane, ya bar wurina bai sake dawowa ba. Shi abin da na ce ya yi, shi ya yi.

Wani lokaci nakan ce wa kaina ba wanda ya koya mini. Maigidana bai taɓa riƙe balas na lantarki ba har ya bar aiki, takardar da ke cikin kwali kuma rubutunta ƙanana ne, cike da alamomi. Amma wannan hujja ba ta tsayawa da ƙafarta, domin alamar na nan a jikin balas ɗin kansa, ɗan ɗigo da aka rubuta tc a gefensa da lamba, a wasu 70, a wasu 75. Sau ɗari na riƙe shi a hannu. Ban tambayi kowa ma'anarsa ba saboda ina ganin na wuce tambaya. Ɗigon nan shi ne wurin da mai ƙera balas ya ce a auna zafin jikinsa, lambar kuma iyakar da bai kamata ya wuce ba. Akwai kuma wata alamar da ake rubutawa ta, wato zafin iskar da ke kewaye da shi, sau da yawa iyakarsa 50. Iskar cikin fitilar ake nufi bayan an rufe murfi ƙwai ya yi zafi, ba iskar ɗakin da kake tsaye ba.

Ranar da na fasa ɗaya daga cikin matattun na ga abin da ido. Allon da ke cikinsa ya yi launin ƙasa a kewayen tiransistoci biyu, masu kunna wuta da kashe ta da sauri, dalmar ƙafafunsu ta dushe ta tsattsage, babbar kafasita kuma kanta ya kumbura, ɓawon robarta ya ja da baya. A jikinta an rubuta 85°C. A nan ne duk maganar take. Wannan kafasita da ke tace wuta bayan an juya ta daga bolt 230 zuwa sama da bolt 300, tana da ruwan sinadari a cikinta, kuma zafi na ƙafar da shi a hankali ta bakin robar da ta toshe ta. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke aiki da ita, wadda ta samo asali daga lissafin da masanin sinadarai na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya fitar a 1889, ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba ranta biyu. Ɗauki kafasita mai lambar digiri 105 da aka yi wa alkawarin awa 2,000 a wannan zafin. A digiri 95 za ta yi 4,000, a 85 ta yi 8,000, a 75 ta yi 16,000, a 65 ta yi 32,000. Shekara guda awa 8,760 ce. Mai lamba 85 kuwa, idan ka zaunar da ita a 85, awa 2,000 ɗinta ba su cika wata uku ba ga fitilar da ba a kashewa. Kuma mutuwar tana ciyar da kanta: ruwan na raguwa, turjiyar cikinta na ƙaruwa, sai ta fara haifar da nata zafin daga ciki. Wutar da take tacewa ta daina zama sumul, tiransistoci su shiga wahala, su ma da suka yi zafi asararsu ta ƙaru, ƙaramin naɗin da ke kan baƙin dutsen ferit ya kusa ƙoshi da wuri, wato ya kasa riƙe wuta, ya bar ta ta kwarara. Ƙarshe ka ji ɗas, fis ya tafi. Sai ka ce wutar layi ce ta kashe shi, alhali wata da watanni yana dahuwa.

Soson da na shimfiɗa kuwa, ba abin da ya fi shi muni. Wat 4 ba wani abu ba ne idan yana da hanyar fita. Hanyarsa ita ce bayan balas ya kwanta sosai a kan ƙarfen gidan fitila, ƙarfen ya ja zafin ya baza shi a faɗinsa, iskar waje ta kwashe. Ƙarfe yana ɗaukar zafi kusan sau 2,000 fiye da iskar da ke tsaye wuri ɗaya, alminiyam kuma ya ninka ƙarfe wajen sau huɗu. Soso ba komai ba ne illa iska da aka kulle a ƙananan aljifai, shi ya sa ake sa irinsa a bangon firji. Na lulluɓe balas da bargo, na ajiye masa ɗan'uwansa yana hura masa zafi a gefe, ƙwayaye biyu na gasa su daga ƙasa, kwano na gasa su daga sama. Da na aro mita mai wayar auna zafi na manna a ɗigon nan, na rufe murfi na dawo bayan awa huɗu, lambar da na gani ta haura 90. Har hasken ma ya ragu ban lura ba, domin dogon ƙwan da aka saba, wanda ake kira T8, ya fi haske idan iskar kewayensa tana wajen digiri 25, siririn T5 kuma wajen 35.

Da na gane, sai na sake yin wani kuskuren don huce haushi. Na ɗauki dirila na huda gidajen fitilun ta ko'ina. Zafi ya sauka, gaskiya ne. Amma ƙurar da aka sayi rufaffun fitilu dominta ta shiga ta kwanta a kan allo, ta sha laima, ƙwari suka bi haske suka cika ciki. A wasu kuma na ƙara wa tiransista farantin alminiyam na ɗaure shi da jikin gida ba tare da takardar maika mai hana wuta ratsawa a tsakani ba, na manta cewa kunnen ƙarfen tiransistan nan ɗauke yake da wuta. Allah ne ya kiyaye, fis ya riga mutum.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma sha, amma da na tace su ba su kai haka ba. Ku ɗaure balas da sukuru a kan ƙarfe, duka kunnuwansa biyu, ya kwanta ba rata. Idan ramuka ba su dace ba ku huda, ko da zai ci kwana biyu. Kada ku jingina biyu da juna, kada ku kai shi kusa da bakin ƙwai inda zaren ke ƙuna. Ku auna a ɗigon tc da murfi a rufe, a lokacin da wurin ya fi zafi, bayan awanni, har lambar ta daina hawa. Hannu ba mita ba ne, daga wajen digiri 60 fata ba ta bambance komai sai zafi. Bindigar auna zafi da kuke yawo da ita ma tana yin ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi, sai an manna baƙin salatif a auna a kansa. Idan ka samu digiri 10 ƙasa da iyaka, ka ninka ran kayanka.

Zancen huda kuwa, kada ku huda rufaffiyar fitila. Wanda ya ƙera ta ya san dalilin rufe ta. Amma kuma na san wuraren da in ba ka bar wa iska mashiga a ƙasa da mafita a sama ba, balas ba zai ga shekara biyu ba, kuma ni kaina na huda bara a cikin silin inda ba ƙura, ban yi nadama ba. To ku huda inda ya kamata. Ko ku fitar da balas ɗin waje gaba ɗaya, sai dai shi ma ba a tsawaita wayarsa zuwa ƙwai fiye da abin da aka rubuta. Na san na faɗi abu biyu masu karo da juna, haka aikin yake.

Abin da ke ƙona mini rai da yaran yanzu shi ne komai na hannunku. Takardar bayanin kowane balas tana intanet, waya na aljihunku, mitar da na yi yawon aro yanzu tana jakar kowa. Amma ba ku karantawa, kuma ba ku da haƙurin awa huɗu. Fitila ta kama, a ɗauki hoto, a sauka daga tsani. Kuna cewa zamanin dogon ƙwai ya wuce, LED ba ya zafi. Ku fasa akwatin da ke ba LED wuta ku gani, kafasitar nan ce dai zaune a ciki da ruwanta, kuma ita ce takan riga ƙwayoyin hasken mutuwa. Ƙaramin ƙwan nan mai murɗe da aka riƙa sawa kai a ƙasa cikin rufaffen gilashi, abin da ya riƙa kashe shi ke nan, zafinsa na hawa kai tsaye cikin balas ɗin da ke gindinsa. Idan za ku fasa, ku sauke cajin kafasitar tukuna, tana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare wuta. Kuma ƙwan da bakinsa ya yi baƙi a cire shi, yana wahalar da balas.

Ban faɗa wa yaron duk wannan a gindin tsani ba. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, ya sunkuyar da kai ya ce to Baba, amma na ga bai gamsu ba. Sai na ce ya bar fitila ɗaya yadda ya manna ta, ya ɗaure ta kusa da ita da sukuru, ya raba balas ɗin biyu, ya rufe duka. Gobe da azahar zan koma da mita da wayar auna zafi biyu, shi zai manna su da hannunsa, shi zai karanta lambar.