Kyautar Kirsimetin Madam

A watan Disamban 2023 ina cikin shekarata ta farko a wani ofishin lauyoyi a Kaduna. Manyan lauyoyi biyu ne suka haɗa hannu suka kafa shi, ni kuma aka sa ni ƙarƙashin babban cikinsu, wanda kowa ke kira Oga. A bakin ƙofar Oga akwai teburin sakatariyarsa, dattijuwa da ta haura shekara hamsin. Madam muke ce mata. Ita ke buga takardun kotu, ita ke riƙe da littafin ranakun zaman shari'a, kuma babu mai ganin Oga sai ta hannunta.

Akwai bashin alheri da take bi na. Wata rana kotu ta yanke wani hukunci ana tsakiyar shari'a, Oga ya ce in shirya takardar ɗaukaka ƙara. Na sa a raina wata uku nake da shi, kamar yadda doka ta bayar idan hukuncin ƙarshe ne, alhali irin wannan kwana 14 kacal ake ba mutum. A rana ta goma Madam ta tsaya gefen teburina, ta rage murya ta ce, "Barista, saura kwana huɗu fa." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma har yau Oga bai ji labarin ba. Don haka da Kirsimeti ya ƙarato na ƙudura sai na yi mata wani abu.

Tunanina na farko kuɗi ne a ambulan. A gida ba laifi ba ne yaro ya miƙa wa babba kuɗi, amma mu huɗu ne ƙananan lauyoyi, kuma Madam ce ke tsara aikin wa za a fara bugawa. Ambulan daga hannun ɗayanmu zai iya zama abin magana, a ce neman fada ne, ita kuma a shafa mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Na koma kan turare. Yayata ta hana ni nan take, ta ce saurayi ba ya saya wa matar aure turare, komai kyawun niyyarsa. Daga ƙarshe na shiga wani babban kanti na sayi kwandon nan da ake kira hamfa, wanda ake naɗewa da leda mai ƙyalli: biskit, cakulan, lemon kwali, madarar gwangwani da alewa. Ya ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashina, na kuma fito ina jin na gama.

Baba, direban ofis, shi ya taya ni sauke shi daga Keke Napep. Ya juya kwandon ya ce, "Barista, wa za a kai wa?" Na ce Madam. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ai Madam ba ta shan zaƙi. Ta daɗe tana fama da ciwon suga. Ba ka ga shayinta ba sukari ba?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai fiye da asarar kuɗin. Wata goma ina zaune taku biyar daga matar nan. Na san rubutun hannunta, na san lokacin da ya dace in kai mata aiki da lokacin da bai dace ba, na san duk abin da ke da amfani gare ni. Amma ban san me take ci ba, ban san unguwarsu ba, ban taɓa tambayar 'ya'yanta nawa ba. Kullum da safe ina gaishe ta, gaisuwar da idona ke kan fayil. A gidanmu an koya mana gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida da yara da gajiya, sai ga shi na shiga ofis na ajiye tarbiyyar a bakin ƙofa.

Ranar na zauna da Baba a benci na yi ta tambaya. A Sabon Tasha take, mota biyu take hawa kafin ta iso, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu kuɗin motar ya ninka. 'Yar Kagoro ce. Duk shekara can take yin Kirsimeti wajen tsohuwarta, ba ta dawowa sai an yi Afan, bikin gargajiya na mutanen Kagoro, ranar 1 ga Janairu. A daminar shekarar cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, gonar ƙaninta na cikin waɗanda suka ruɓe, nauyin gida ya ƙara dawowa kanta. Baba ya kuma ja mini kunne kada in sayi shinkafa: Oga na raba wa kowane ma'aikaci buhu a ƙarshen shekara, kuma bai kamata kyautar yaro ta yi kama da gasa da ta maigida ba. Wannan ma ban taɓa kawo shi a raina ba.

Da na kai wa mahaifiyata labarin, ba ta tsaya dogon bayani ba. Washegari ta sa mayafi muka tafi kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ta ɗaga atamfa ta fi goma kafin ta tsaya kan wani turmi mai ruwan ganye da zane ƙanana, irin wanda dattijuwa za ta ɗaura ta shiga coci ba tare da an ce ta yi yarinta ba. Ta ce a kai da wuri, domin teloli na daina karɓar ɗinki idan Kirsimeti ya rage mako biyu, yadda suke yi mana gab da Sallah. Ni kuma na ƙara da fitila mai caji da hasken rana saboda ɗakin tsohuwar. Kwandon hamfa yaran maƙwabta suka rabe shi.

Wani abokin aikina ya tambaye ni me ya kai Musulmi ga kyautar Kirsimeti. Na ce masa Hajiya ce ta zaɓi atamfar da hannunta, kuma ita ta tashi a Kadunar da ake kai wa maƙwabci tuwon Sallah, shi ma ya aiko da shinkafa ranar bikinsa. Tun rikicin shekarar 2000 garin ya rabu, yawancin Kiristoci suka koma kudancin kogi, Musulmi suka tattaru a arewa. Wuraren aiki na cikin 'yan wuraren da suka rage muna zama tare daga safe har yamma. Matar da ta rufa mini asiri ba ta tambayi addinina ba kafin ta yi, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar ranar farin cikinta ta wuce ban ce mata na gode ba.

Na jira ranar Juma'a da yamma, bayan kowa ya watse, don kada masinja da mai shara su tsaya kallo. Na miƙa mata da hannu biyu na ce, "Madam, ga wannan, Hajiya ce ta zaɓa miki. Fitilar kuma ta Mama ce a Kagoro." Ta buɗe ledar, ta shafa atamfar da tafin hannu, ta daɗe tana kallon fitilar. Ta ce, "Wa ya gaya maka mamata tana Kagoro?" Na ce na tambaya ne. Ta ce, "To, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka gaida Hajiya da kyau." Ranar ce ta fara kira na da wani suna ban da Barista.

A mako na biyu na Janairu na iso ofis na tarar da ƙullin leda a ƙarƙashin teburina. Mudu biyu ne na acca, wankakkiya tas ba tsakuwa, da kwalbar zuma. Madam na sanye da atamfar, tana buga wata takarda. Na je na gaishe ta, na tambayi hanya, na tambayi Mama da ƙaninta da yara, ta amsa mini ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta nuna ledar da biro ta ce, "Accar ta Hajiya ce, ka ce mata ta gwada fate da ita. Zumar kuma Mama ce ta ce a ba mai fitila."