Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Albashi a Injamena, Cefane a Damagaram

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ni aikin walda a ƙasar Chadi cikin shekarar 2022, albarkacin sana'ar da na koya tun lokacin da ake ginin matatar mai ta Soraz. Yau zancen kuɗi ne. Aikin kansa bai hana ni barci ba, tunanin yadda abin da na samu zai isa gida shi ya hana ni.

Ana saura kwanaki in tashi na shiga bankinmu a nan Damagaram da katina a hannu. Matar da ke gishe ta juya shi, ta nuna mini tambarin GIM-UEMOA, wato tsarin katunan banki na ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe saifa, ta ce, "Malam, wannan iyakarsa ƙasashe takwas masu saifa irin tamu. Chadi ba ta ciki." Ita ta sa na nemi kati mai tambarin Visa, ta cika takardar buɗe shi don ya yi aiki a waje, ta kuma ja hankalina kan kwanan watan ƙarewarsa, domin in ya mutu ina can, sabon a nan reshen za a karɓe shi. A ranar na kawo Yayana muka yi takardar wakilci, ya zama yana iya zuba kuɗi da cirewa a asusuna. Har gobe ina yi wa matar nan addu'a. Ba kowane ma'aikaci ke tsayawa ya yi wa mai walda bayani dalla-dalla ba.

Na sauka Injamena da ƴan jikkuna a aljihu. Mai taksi ya karɓi takardar jika goma, ya duba ta gaba da baya, ya miƙo mini abata. Saifa ce, amma ba tasu ba. Tamu ta babban bankin BCEAO ce mai hedikwata a Dakar, tasu ta babban bankin BEAC ce mai hedikwata a Yawunde, wadda Chadi, Kamaru, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Equatorial Guinea ke kashewa. A kan takarda darajarsu ɗaya, kowace 655.957 ce a Yuro guda. Amma tun 1993 bankunan biyu suka daina fansar takardun kuɗinsu da suka tsallaka ɗaya yankin, shi ya sa ɗan canji ba ya ba ka jika a kan jika, sai ya yanki nasa. Abin da ya zo mini da sauƙi shi ne ƙidaya. Yadda muke lissafi da dala, haka suke yi da riyal, tamma biyar-biyar. In mai shayi ya ce "miya", dala ɗari yake nufi.

Kafin albashin farko katin ne ya ciyar da ni. A nan na ga wani abu da mai aiki a Libiya ko Aljeriya ba zai gani a fili haka ba. Tunda kuɗin biyu darajarsu ɗaya, babu canjin da za a fake da shi. In na ciri jika hamsin, saƙo ya shigo wayata da adadin da ya haura haka, to abin da ya hau kai ladan bankuna ne zalla. Kuma wani kaso na ladan a kan kowane cira yake, ko kaɗan ka ɗauka ko da yawa. Sai na riƙa cira sau ɗaya mai kauri, da rana, a injin da ke jikin banki lokacin da ma'aikata ke ciki. Wani abokin aikinmu ɗan Maradi ya je da yammacin wata Juma'a, lambar sirri ta shige masa, ya buga sau uku ba daidai ba, injin ya haɗiye katin. Da aka buɗe ranar Litinin aka ce ba za a ba shi ba sai bankinsa na gida ya aiko takarda. Mu muka riƙe shi da abinci har ƙarshen wata.

Layin wayata na Nijar kuwa ban bari ya mutu ba. Ta nan saƙon banki ke zuwa, ta nan lambar tabbatarwa ke zuwa in za ka biya wani abu ta intanet. Yayana ke sa masa kuɗi jefi-jefi.

Albashi a hannu ake ba mu, cikin ambulan, saifar can. A masallacin unguwarmu aka haɗa ni da wani dattijo ɗan unguwar Birni ta Damagaram wanda ya shekara da shekaru yana fatauci a Chadi, ƙanensa kuma na da shago a Kasuwar Dole ta Damagaram. Ranar da na fara kai masa kuɗi ya zaunar da ni a kan darduma, ya sa aka zuba mini shayi, ya tambayi gidanmu har ya gano kakana. Sannan ya jawo wani littafi mai baƙin bango da aka ɗaure da roba, ya lashi yatsa, ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya rubuta sunana da adadi da kwanan wata, ya kira yaron shagonsa ya shaida. Ya ce, "Ɗana, kai ma ka sayi naka littafin. Rai a hannun Allah yake, kada in faɗi yau gobe ka rasa abin nunawa." Na ce, "To, Baba Alhaji." Kafin la'asar Yayana ya kira ya ce ya karɓi kuɗin a shagon ƙanen Alhaji.

Tsarin da muka yi da Yaya shi ne ya raba kuɗin. Na cefane ya kai wa maiɗakina, har da kuɗin ƴan garuwa, wanda duk ɗan Damagaram ya san ba ƙaramin abu ba ne in zafi ya shigo. Na Inna ya kai mata hannu da hannu. Ragowar ya zuba a asusu. Da haka katin da ke aljihuna a Injamena yake cika daga Damagaram, ni kuma na daina taɓa shi sai in ciwo ko wata larura ta taso.

Akwai masu cewa ajiya a banki asara ce, akwai masu kallon aika kuɗi ta hannun ƴan kasuwa a matsayin ƙauyanci. Ban yarda da ko ɗaya ba. Hanyar Alhaji amana ce kawai ke riƙe da ita, in kasuwa ta karya shi babu inda za ka kai kuka. Banki kuwa yana da takarda, amma shi ma akwai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma mun gani da idonmu.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga watan ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO da UEMOA, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakar Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga can, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a bankuna har suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira. Yaya sai ya yi sammako ya bi layi, ya dawo da abin da bai kai rabin buƙata ba. Kuɗina ne, gumina ne, suna nan a rubuce, amma ba su saya wa ƴaƴana tiyar gero. Wani dare maiɗakina ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa don kada yara su ji, ta ce, "Maigida, shinkafa ta hau, mai ya hau, abin da ke hannuna ba zai kai Juma'a ba." Ban runtsa ba a daren.

Da asuba na tafi wurin Baba Alhaji. Ya ce ƙanensa ma tsabar kuɗi ta yi masa wuya, ladan zai ɗan ƙaru, amma akwai wata hanya: a bai wa iyalina rabi kuɗi, rabi kayan abinci daga shagon a farashin sari. Na amince nan take. Da yamma aka sauke buhun shinkafa da galan na mai a zauren gidanmu. Daga watan na ce wa Yaya ya dakatar da zubawa a asusu, abin da ya ragu ya sayi gero ya ajiye a ɗakin Inna. A haka muka lallaɓa har aka ɗage takunkumin a taron Abuja ranar 24 ga Fabrairun 2024, sannan muka koma tsarinmu na da.

Katin ya yi min rana ne a daren da aka kira ni cewa an kwantar da Inna a asibiti. Albashi da saura, Alhaji ya yi tafiya Abeche, da shi na biya kuɗin jirgi ta waya kafin gari ya waye. Yadda na iso Yamai, da doguwar tafiyar kusan kilomita 900 a bas zuwa Damagaram, da abin da na tarar a gida, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.