Zan Mayar Kafin A Nema

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, ɗan abokina ya rako ni gida. Shi ne ma'ajin zumuntar matasa a ikilisiyarmu. Tun farkon shekara suke tara kuɗin sayen kayan kiɗa, kuma da yake zumuntar ba ta da asusun banki, duk wanda zai bayar a asusun yaron yake turawa. Muna tafe yana latsa waya, sai ya ce, "Baba, kuɗin nan a kwance suke har Disamba. Zan zuba su a POS ɗina in ɗan juya, in mayar kafin a nema." Ko muryarsa bai rage ba. Na tsaya cak a kan hanya, don wannan magana tawa ce. Ni na faɗe ta tun ba a haife shi ba.

Lokacin ina malamin firamare a ƙauyenmu, a kudancin Katsina. Takardar naira 50 ce babba a ƙasar nan, ta 100 ba ta fito ba sai 1999. Majami'armu ginin ƙasa ce da rufin ciyawa, kowace damina sai mun jera kwanuka a inda take yoyo. Dattawa suka yanke shawara a yi rufin kwano. Aka yi baikon kaka: wannan ya kawo damin dawa, wannan tiyar gyaɗa, zumuntar mata suka yi aikin gayya a gonar wani suka kawo ladan gaba ɗaya. Wata tsohuwa gwauruwa ta kawo kazarta ɗaya tilo, ɗaure da tsumma a ƙafa. Aka sayar da komai aka damƙa mini kuɗin, saboda ni ne mai ilimin lissafi, kuma ɗan mai bishara ne ni. Ba wanda ya ƙirga tare da ni. Littafin ma a gidana yake kwana.

A gaskiya halin da nake ciki ba mai sauƙi ba ne. Albashi yakan yi wata uku bai zo ba, darajar naira kullum ƙasa take yi tun da gwamnati ta shiga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, matata na da ciki, ƙannena biyu suna hannuna. Kuma dabarar da na yi ba ta wauta ba ce. Kowa ya san wake yana araha da kaka, ya yi tsada in damina ta kusa. Na ce a raina, maimakon kuɗin Ubangiji su kwanta a gwangwani tsadar kwano tana cinye su, bari in sayi wake in ajiye, in sayar a watan Afrilu, in mayar da uwar kuɗi, ribar kuma mu raba ni da ikilisiya. Har misalin talanti na Matiyu 25 na kafa wa kaina hujja da shi. Abin da na ƙi dubawa shi ne, bayin nan maigidansu ne ya ba su dukiyar da hannunsa. Ni ba wanda ya ce mini juya. Da na tabbata abin kirki nake yi, me ya hana ni faɗa wa dattawa? Ko matata ban faɗa wa ba.

Na je kasuwar Dandume na sayi waken, na jibge a ɗakin wani aboki. Buhunan nan masu leda a ciki da ke hana iska shiga ba su zo ba tukuna, maganin da na zuba kuma ashe bai isa ba. Ranar da muka kwance buhun farko, gari ne ya zubo, ƙwari suna tashi. Abin da na samu bai kai rabin abin da na zuba ba.

Asarar ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Ƙaryar da ta biyo baya ce. Dattawa suka tambaya, na ce kwano ya yi tsada, mu jira ya sauko. Suka sake tambaya, na ce kafinta ya yi tafiya. Na sake rubuta shafi biyu na littafin, na rage abin da aka tara. Duk Lahadi ni ne nake tsayawa in karanta rahoton baiko, in sa hannu in ɗauki Jibin Ubangiji. A daminar nan ruwa ya jiƙa bangon gabas ya zube, muka koma sujada a ajin makaranta. Tsohuwar mai kaza ta rasu kafin a kafa kwano ko falle ɗaya. Ni na karanta nassi a bakin kabarinta.

Na biya. Wannan kam ina so a sani. Shekara huɗu ina tsakure albashi ina sakawa cikin baiko a ɓoye, har na cike, na ƙara a kai. Ban ci kobo na kowa ba, kuma har yau in aka kira ni ɓarawo raina yana ɓaci. Wani lokaci nakan ce ai su ma dattawan da nasu laifin: ya za a ɗora wa saurayi mai fama da yunwa kuɗin jama'a, babu mai dubawa? A 2 Sarakuna 12, da za a gyara Haikali, akwati aka huda aka ajiye, magatakardan sarki da babban firist kuma tare suke ƙirgawa. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudunmawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a samu abin zargi. Amma in na gama wannan lissafin sai in tuna Yahaya 12:6, inda aka ce Yahuza ne mai riƙe jaka kuma yakan ɗiba. Shi ma ba a ce an tsare shi da wuƙa ba. Hannunsa ya sa.

Sai bayan shekara 11 na furta. Wani fasto ya yi wa'azi a kan Hananiya da Safiratu, ya ce ba don sun rage kuɗi suka mutu ba, don sun yi ƙarya ne a kan abin da suka rage. Na kasa cin abinci ranar. Na je gaban dattawa na faɗi komai. Aka sa ni ƙarƙashin horo wata shida, ina zama a bencin baya, 'ya'yana suna kallona. Wani dattijo da ya ba da damin dawa a wancan baikon bai ce mini uffan ba, hawaye kawai ya share. Gara da ya mare ni.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, 'ya'yana, amma da na duba sai na ga ba su da yawa.

Kuɗin da ba naka ba, kada ka taɓa. Ba aro, ba juyi, ba "zuwa gobe". In kana ganin dabararka mai kyau ce, tashi a taro ka faɗa. In bakinka ya yi nauyi, ka riga ka san amsar. Kuma kada ka yarda kuɗin jama'a su shiga asusunka. A buɗe nasu, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu. Ni sai da na buɗe gwangwani, na hau mota, na yi ciniki kafin in faɗi. A kowane mataki ina da damar juyawa. Ku kuwa yatsa ɗaya ne tsakaninku da wannan rami, kuna kwance a gado da tsakar dare. Wasunku ma ba sana'a suke zubawa ba, cacar ƙwallo suke yi da kuɗin baiko, su zo da safe su riƙe makirufo suna rufe ido. Kun iya waƙa, kun iya tura aya a WhatsApp, amma a ce ku kawo rasit sai ku ce an raina ku. Wane irin raini? Mu da muka girme ku an bincike mu.

Da zan ce in an ba ka ma'aji ka ƙi, musamman in aljihunka babu komai. Haka na faɗa wa yaron a kan hanya. Amma da na kwana sai na ga ba daidai ba ne: in masu tsoron Allah duk suka gudu, wa zai riƙe? Ka karɓa. Sai dai ka nemi a riƙa bincikenka kafin a nemi bincikenka.

In kuwa ka riga ka taɓa, ka faɗa yau. Na san ba ni da bakin wannan magana, ni da na yi shekara 11 ina ɓoyewa, kuma ba zan ce maka horo yana da daɗi ba. Akwai waɗanda har gobe da wannan ido suke kallona. Mayarwa a ɓoye kuma ba ta wanke ni ba, na gwada. Zakka mai karɓar haraji a tsaye ya faɗa, a gaban mutane, cewa zai mayar ninki huɗu.

Yaron ya saurare ni har ƙofar gida. Ya ce, "Baba, zamaninku daban, POS ba ya ƙwari." Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, abin da bai kamata ba. Daga baya na kira shi na ba shi haƙuri, na ce ranar Asabar zan raka shi wurin fasto a buɗe wa zumuntar asusu, ni zan biya kuɗin mota. Ya ce zai duba. Ban faɗa wa mahaifinsa ba tukuna, ina jiran Asabar ɗin.