Talata, ranar da "nan" ta ɓata

Hazo ya sauko sosai da asuba, ko hasumiyar masallacinmu ba a hange daga ƙofar gida. Wuta ta zo wajen ƙarfe 7, ta koma kafin in gama shayi. Batirin kwamfuta yana kashi 60, na ce ai ya isa, tunda jiya muka rufe aikin jerin kalmomin Malam: daga Excel zuwa CSV (tebur a rubutu zalla), daga CSV zuwa JSON (tsarin da manhaja ke karantawa), Auta ya ɗora a manhaja. Yau saura 'yan goge-goge.

Wajen ƙarfe 10 sai ga wayar Malam. Bayan gaisuwa ya ce, "Ina kalmar nan?"

Na ce, "Wace kalma, Allah ya gafarta Malam?"

"Nan."

"E, ina jin ku. Wacce daga ciki?"

Ya yi shiru kaɗan, irin shirun da yake wa ɗalibin da bai yi bita ba. "Nan nake ce maka. Nan da can. Na buɗe can, a ƙarƙashinta an rubuta 'duba nan', na taɓa, babu komai. Kalma 4,212 na ba ku."

Na ƙirga abin da ke cikin JSON ɗin yana kan waya. 4,211. Na ce a ba ni zuwa azahar.

Zargina na farko ya tafi kan Excel, don shi ne mai laifin kullum. Na buɗe CSV ɗin a editan rubutu zalla, na nemo layin. Ga shi nan lafiya lau: nan, waƙafi, ma'anarta, waƙafi, jimlar misali. To ba a fita daga Excel ta ɓata ba, a hannunmu ta ɓata. Na bi kod ɗin layi-layi. Layi na 3 pd.read_csv ne, kamar yadda na rubuta. Layi na 4 kuwa ba nawa ba ne: df = df.dropna(), wato a share duk layin da ke da gurbi.

Na kira Auta. Ya ce, "Yaya, ai jiya da dare shafin ya ƙi buɗewa, burauza tana ta kukan wai akwai NaN a cikin fayil ɗin. Na ɗauka layin banza ne Malam ya bari a ƙasa, sai na share, ya tashi." Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da ƙarfe 11 na dare haka zan yi.

Ga abin da ya faru. Laburaren pandas na yaren kod na Python, wato pd ɗin nan, idan yana karanta CSV, yana da wani jerin kalmomi da ya ɗauka alamar "babu komai a wannan akwati" ne. A ciki akwai akwatin da ba a rubuta komai ba, akwai NA, N/A, n/a, NULL, null, NaN, sannan akwai nan da ƙananan haruffa. Duk akwatin da abin da ke cikinsa ya zo daidai da ɗaya daga cikinsu, sai ya cire rubutun ya sa NaN a madadinsa. Ba ya gargaɗi, ba ya tambaya. Ita NaN ɗin daga ƙa'idar lissafin kwamfuta ta IEEE 754 ta 1985 ta fito, ma'anarta "wannan ba lamba ba ce", abin da ake samu idan an raba sifili da sifili. Da Wes McKinney ya fara rubuta pandas a 2008 alƙaluman kuɗi ne a gabansa, kuma a can duk wanda ya ga nan a tebur ya san gurbi ne. A wurinmu kuwa kalma ce da da wuya a yi sakin layi guda ba ta fito ba.

Daga nan sai abin ya bi hanya. Mun mayar da teburin to_dict, muka miƙa wa json.dumps. Shi kuma json na Python, idan ya ga NaN, rubuta ta yake tsirara, ba alamar zance, alhali ƙa'idar JSON, wato RFC 8259, ba ta san wannan kalma ba. Python zai rubuta, Python zai karanta, kowa ya zaci lafiya. Sai JSON.parse na burauza ya zo ya tsaya cik. Da mun sa allow_nan=False tun farko, da a kwamfutata zai fashe, in ga layin da idona, ba a wayar Auta da tsakar dare ba. Da kuma to_json na pandas muka bi, null zai rubuta, shafin ya buɗe sumul da kalma marar suna, wanda a ganina ya fi muni.

Gyaran da na fara yi shi ne dtype=str, wai a karanta komai a matsayin rubutu. Na sake gudu. 4,211. Ashe tacewar gurbi tana nan daram ko ka ce rubutu ne, nan ɗin dai NaN take komawa. Abin da ke aiki shi ne keep_default_na=False, wanda ke zubar da jerin nasu gaba ɗaya. Amma da ka sa shi, akwatunan da ba komai a ciki su ma sun daina zama gurbi, sun zama rubutu mai tsawon sifili, don haka sai ka ƙara na_values=[""] in kana son ka ci gaba da gane su. Haka na bar shi: dtype=str saboda kada lambobin shafi irin 007 su koma 7, keep_default_na=False saboda nan, na_values=[""] saboda in wata rana Malam ya bar akwati bai cike ba. 4,212. read_excel ma halinsa ɗaya, kada wani ya ce zai tsallake CSV ya tsira.

Abin dariya, Nan mai babban harafi ba ta cikin jerin, ta wuce salin-alin. Kuma nan da ke tsakiyar jimla ba abin da ya same ta, sai wadda ta zauna ita kaɗai a akwati. Amma float("Nan") na Python yana karɓarta hannu bibbiyu, don shi bai damu da babba ko ƙarami ba. Duk mai irin kod ɗin nan na "gwada mayar da shi lamba, in ya ƙi a bar shi rubutu" ya je ya duba abinsa. Ita kuma NaN ba ta daidai da kanta, in ka ce a nemo maka akwatin da yake == NaN ba za ka samu ko ɗaya ba, sai da isna(). Minti 10 na ɓata a kan wannan, abin da na sani tun tuni.

Gaskiyar magana, aikin nan bai buƙaci pandas ba tun asali. Ba lissafi a ciki, ba matsakaici, ba jimilla. csv.DictReader da ke zuwa tare da Python duk abin da ya gani rubutu yake ba ka, bai san wani gurbi ba. Sabo ne kawai ya sa hannu ya tafi can.

Azahar. Gurasa bandashe a bakin titi, yajin ya yi yawa.

Na tura wa Malam CSV ɗin da aka gyara ya duba da kansa. Ba a yi minti 5 ba ya sake kira: "Yanzu kuma wane yare ne wannan?" Ya turo hoto. Ƙasa mai ƙaramin harafi ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki, ɓera ya koma É“era. Wannan kam tsohon ciwo ne. A UTF-8, tsarin da fayil ɗinmu ke adana haruffa da shi, kowane harafi mai lanƙwasa bayit 2 ne: ƙ ita ce C6 99, ɗ C9 97, ɓ C9 93. Idan aka danna CSV sau biyu ya buɗe a Excel, kuma babu alama a farkon fayil ɗin, sai ya karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Na ce, "Malam, don Allah ku rufe kawai, in ya tambaya a adana ku ce a'a." Na sake fitar masa da encoding="utf-8-sig", wanda ke sa bayit 3 a gaba, EF BB BF, su Excel ke gani ya gane. Ya buɗe, ya ce to yanzu Hausa ce.

Dalilin da na hana shi adanawa: in an adana a haka, ɓarnar tana iya zama daram. Yawanci ana iya warwarewa, a yi encode("cp1252") sannan decode("utf-8"), haruffan su dawo. Sai dai babbar Ɓ, ita C6 81 ce, kuma 81 ba shi da harafi a Windows-1252, don haka Python zai tsaya a kanta ya ƙi gaba. Laburaren ftfy yana da sassaucin da ke wuce wannan in bayit ɗin yana nan. In kuwa wata manhaja ta riga ta maye shi da alamar tambaya, sai dai a bi da hannu. Sa'ar da muka yi kalmomin da ke farawa da babbar Ɓ ba su da yawa.

Kuma shi fayil ɗin mai alamar gaba, in za a dawo da shi Python a karanta da csv, da utf-8-sig ɗin za a buɗe shi, in ba haka ba sunan jeri na farko zai zo da wani harafi marar ganuwa a manne, ka yi ta kiran "kalma" yana ce maka babu.

Tunda na riga na buɗe ciki, na leƙa sauran wuraren. Adireshin shafin kowace kalma slugify na Django, kayan gina shafin intanet, ke yi. Shi dabararsa ya warware harafi da NFKD, é ta rabu ta zama e da alamar da ke kanta, sannan ya zubar da duk abin da ba ASCII ba, wato haruffan Turanci zalla. To namu haruffan ba sa warwaruwa, lanƙwasar jikinsu ce, ba ɗora ta aka yi ba. Sai ya zubar da harafin ɗungurungum: ƙasa ta zama asa, ɗa ya zama a. Unidecode ya fi shi hankali, yana mayar da ƙ zuwa k, amma sai baƙi da baki su faɗa adireshi ɗaya, ƙasa da kasa haka. Na sa allow_unicode=True, adireshin ya yi muni in an kwafa, amma kowace kalma da ɗakinta.

Jerantawa ma: sorted() lambar Unicode yake bi, don haka duk masu ɓ, ɗ, ƙ suna can bayan z kamar marasa galihu. Intl.Collator("ha") a ɓangaren Auta ya mayar da ɓ bayan b. Alhamza kuwa iri 3 na tarar a fayil guda, ta kibod, mai lanƙwasa ta Word, da wadda Word ke juyawa baibai in ta zo farkon kalma kamar 'yan. Na tattara su duka zuwa U+02BC, don ita Unicode harafi ya ɗauke ta, \w na Python ba ya yanka sana'a gida biyu a kanta. Ban taɓa title() ba, na san Sana'A zai ba ni.

La'asar. Malam ya turo saƙo, kalma ɗaya: "Nan." Na ɗauka yabo ne.

Sai da na shiga adaidaita wajen Ƙofar Nassarawa, muna tsaye a cunkoso, abin ya faɗo mini. Bara na yi wa wata ɗaliba ƙirgar kalmomi na aikin digirinta. Hirarraki ne aka rubuta, na yanka su kalma-kalma, kowace kalma layinta, na adana CSV, washegari na buɗe da read_csv ba tare da na sa komai ba, na yi value_counts(). Shi kuma value_counts ba ya ƙirga NaN sai ka ce masa dropna=False. Ba kuskure zai nuna ba, ba gurbi zai bari ba, teburi ne zai fito tsaf, da, na, ya, ta, a jere, kowa da adadinsa. Ina iya tuna ta tana godiya har da cewa malaminta ya yaba. Abin da ba na iya tunawa shi ne ko na ga nan a teburin. Na rufe ido ina ƙoƙarin hango shafin, ba abin da ke zuwa. Mutanen da aka yi hirar da su kuwa 'yan cikin gari ne, kowace jimla "wajen nan", "yaron nan", "nan da nan". Malam ya gane tasa ta ɓata ne don ya san adadin abin da ya bayar, kuma can ta nuna masa hanya. Ita ba ta da abin da za ta gwada da shi, abin da na ba ta shi ne gaskiyarta. Ta riga ta kare aikin, an ɗaure shi da baƙin bango.

Na iso gida ba wuta. Hajiya ta tambaya me ya sa na yi shiru, na ce hazo ne.

Fayilolin bara suna tsohon hard disk, shi kuma yana durowar ofis. Lambar ɗalibar tana wayata. Ban kira ba, sai na fara gani da safe.